Ƙishirwar Yaya Maranda

Ni na cire filas ɗin shayi daga jakar Yaya Maranda. Ba wanda ya riƙe min hannu, ba wanda ya tsare ni da ido. Na cire shi na ɗora a saman kabad, bayan kwalaben tumatir. Da wannan na fara saboda yanzu duk wanda ya zo dubiya magajin gari yake zagi, ni ma in taya shi, har da tsaki da girgiza kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yaya Maranda yayar mijina ce, Grigore. Ta ba shi shekara goma sha huɗu, ita ta goya shi, ba ta taɓa aure ba. A gidanmu take, ko in ce mu ne a gidanta. Ni nake tatsar shanu da tumaki in yi cuku, ita take sayarwa a zauren madara na kasuwar gari, kwana huɗu a mako. Grigore ya sauke ta biyar da rabi na safe ya wuce wurin yankan katako, sai ƙarfe uku ya ɗauko ta.

A watan Janairu sanyi ya fasa bututun banɗakin kasuwar. Nea Fane mai gadi ya danna kwaɗo, ya manna takarda a ƙofa: ana gyara. Ko da can ba wurin kirki ba ne. Famfo ba ruwa, ƙofa ba sakata, sai ka tokare ta da ƙafa, ga lei biyu da za ka biya kafin ka shaƙi warin. Amma dai akwai shi. Da aka rufe, mata arba'in da wani abu suka wayi gari ba inda za su tsuguna.

Wata Alhamis a Fabrairu motar ta shigo tsakar gida, na ga Yaya Maranda ba ta fito ba. Da na leƙa sai na ga a kan leda take zaune, ta ɗaura farar rigar aikinta a ƙugu. Grigore ya buga ƙofar mota har kaji suka watse.

Sanyi ne ya sa ta shanye shayinta tun da safe. Wajen sha ɗaya fitsari ya matse ta. Ta tsallaka shagon kofi, yarinyar da ke tsaron shagon ta ce banɗakinsu na masu saye ne. Jakar kuɗin tana ƙarƙashin teburi, kuma ko tana hannunta ba za ta taɓa ba, don ba ta taɓa cire ko lei ɗaya ba tare da ta tambayi ƙanenta ba. Sai ta nufi gidan mai da ke saman titi, tafiyar minti goma. Ba ta kai ba.

"Wa ya gani?" Abin da Grigore ya fara tambaya ke nan da muka shiga ciki.

"Rodika ce kawai," in ji ta, kanta a ƙasa. Rodika ita ce mai teburin da ke kusa da namu.

"Rodika kawai! Ai gara a ce rediyo ya gani. Yaya, cuku muke sayarwa, ba gawayi ba. Wa zai karɓi ɗanɗano daga hannun matar da aka ce ta jiƙa zaninta a titi?"

Gaskiya ya faɗa a wani ɓangaren, kuma wannan ɓangaren na riƙe. A zaurenmu ba a sayen cuku da ido. Mai saye zai tsaya ya ce, "Tanti, wanne ya fi ƙarancin gishiri yau?" Mai sayarwa ta yanko siriri da wuƙa, ta gutsuri rabi ta ci a gabansa, ta miƙa masa rabin a bakin wuƙar. Wadda ba ta cin cukunta, ba a yarda da ita. Hannunki ake kallo, da farcenki, da farar rigarki. Macen da aka gani tana fitowa daga bayan kwandunan shara tana gyara siket, ta gama ciniki a wannan zaure.

Na ce, "To ta riƙa sayen kofi mana, ta shiga nasu."

"Lei takwas kullum don fitsari? Kuma ta bar teburi a hannun Rodika, ta kwashe mana mutane? Abu mai sauƙi ne. Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba."

Ya faɗa ya tashi abinsa. Bai ce in cire komai ba. Ni ce da nake wanke siket ɗin a bayan gida, ruwan sanyi yana cin yatsuna, na ji haushi ya taso min, na ce ba zan sake wanke wannan ba. Da asubar Asabar na zuge jakarta na cire filas ɗin. Ta zo ta ɗaga jakar, ta ji ba nauyi, ta dube ni. Na juya ina goge teburin da ba datti. Ta rataya jakar ta fita.

Daga nan abin ya zama doka ba tare da an sake maimaita shi ba. Awa tara da rabi, tana cin gishiri gutsure-gutsure a gaban mutane, ba ɗigon ruwa. Idan ta dawo, kafin ta cire takalmi ta ruga bayi. Daga can ta wuce bakin rijiya, ta kafa kai a moɗa, kana jin maƙogwaronta yana ƙara. Har tsokanarta nake yi.

"Yaya, ki rage wa shanun mana."

Ta yi dariya, ruwa yana bin haɓarta. "Bari, 'yar nan. Yau har mafarkin kogi na yi a tsaye."

Ba a jima ba ta daina sha tun yammacin jajibirin kasuwa, don kada ya taru da safe. Miyar da take so ma ta daina taɓawa, sai tuwon masara busasshe. Leɓɓanta suka tsage. Ta samo ƙwallon busasshen ɗan itace tana tsotsa don yawu ya zo, idan mai saye ya tsaya ta tura shi gefen kunci.

Da zafi ya shigo, rufin kwanon zauren ya zama tanda. A Yuli ta fara jin zafin fitsari. Na gane ne don tana daɗewa a bayi, ta fito tana dafa bango, goshinta da gumi. Zazzaɓi ya kwantar da ita ranar Litinin, Talata ta tashi ta sa farar riga.

"Ki kwanta mana, Yaya," na ce, amma a hankali na faɗa, yadda ba za ta ɗauka da gaske ba.

"In kwanta wa ya je?"

Tambayar tana da amsa, kuma amsar tana tsaye a gabanta da bokitin tatsa. Sai na buɗe kabad na ɓallo mata ƙwayar ciwon jiki guda biyu. Ta haɗiye su da yawu. Da ciwon ya koma bayanta, daidai ƙugu, na ce tsufa ne da tsayuwa. Ƙwaya biyu ta zama ta kowace safiya, daga baya ta zama huɗu. Ni nake sayowa, kwali-kwali, har mai kantin magani ya san ni. Ina jin kaina mai kula da ita.

Sau ɗaya tak na ji ta mayar wa Grigore magana. Muna cin abinci ta ce ko zai riƙa zuwa ƙarfe ɗaya maimakon uku, ko da ranar Lahadi ce.

"Daga ɗaya zuwa uku ne masu fitowa daga coci suke saye. Yaya, kin cika raki yanzu. Ni ma ai wuni nake a waje, kin taɓa jin na yi kuka?"

"Kai ai katanga ta ishe ka, ɗan ƙanena."

Ya yi dariya har da buga teburi, ya ce tsohuwa ta iya baki. Ita ma ta yi murmushi. Maganar ta mutu a nan.

Wata Litinin a farkon kaka Rodika ta hau bas ta zo har gida, da takarda a jaka. Matan zaure ne suka haɗu suka rubuta wa ofishin magajin gari, a gyara banɗaki, a sa ruwa da sabulu da sakata, a samu mai sharewa. Yaya Maranda ta ce ba za ta sa hannu ba sai da yardar ƙanenta, shi ya sa Rodika ta biyo.

"Teburinmu a bakin ƙofa yake," in ji Grigore, bai ko karɓi takardar ba. "Waɗanda kuke kai wa ƙara su suke raba tebura. Waɗanda suke can ƙurya ba abin da za su rasa."

Da ya fita, Rodika ta jawo ni bayan rumbun masara. Mace ce mai ƙiba da murya kamar ta mai shela, amma ranar ƙasa-ƙasa ta yi magana.

"Dorina, kin ga fuskar matar nan kuwa? Kin ga idon sawunta? Mu sauran muna dabara. Wata ta sa kunzugu, wata 'yarta ta zo ta karɓe ta rabin awa, ni bokiti nake ɓoyewa a motar surukina. Ita ko kurɓa ba ta yi. Jiya na miƙa mata ruwa, ta kalle shi kamar na miƙa mata wuta."

"Haka take, Tanti Rodika. Ba ta son ruwa tun asali."

"Ba ta son ruwa! Akwai bas ƙarfe sha ɗaya, ya komo ɗaya. Ki zo ki tsaya mata, ta je gidan mai ta dawo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ke ma kin sani."

"Shanun fa? Wa zan bar wa?"

"Shanunki sha ɗayan rana ake tatsarsu?"

Na ji kunya, kunyar ta juye ta zama fushi. Da ta tafi na gaya wa Grigore cewa Rodika teburinmu take hari. Ya ce dama ya sani. Na cika mata leda da tuffa kafin ta tafi, don kada a ce ban karɓi baƙuwa ba.

Haka muka ci hunturu na biyu, muka ci bazara ta biyu. Takardar Nea Fane ta yi ruwan ƙasa, ruwan sama ya wanke rubutun, wani ya zana mata gashin baki. A dandalin gari kuwa aka gina wurin feshin ruwa mai fitilu kala-kala, aka yi bikin buɗewa da makaɗa. Daga teburinmu ana hango shi ta ƙofa. Yaya Maranda ta ce min yana da kyau, amma ta juya sikelinta don ta ba shi baya.

Ta rame, sai ƙafafu da fuska suka kumbura. Takalmin Grigore ta koma sawa. Abinci ya daina shiga, ta ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Wata safiya na ga tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali, hannun ya kasa kaiwa ƙeya. Na ɗaura mata, na gyara mata wuyan riga, na ce ta yi kyau. Na raka ta har mota.

Ranar ce ta faɗi, wata Asabar a Oktoba, da wuƙa a hannu tana yanka wa wani ɗanɗano. Rodika ta kira motar asibiti, sannan ta kira ni. Da na kira Grigore a waya, cewa ya yi, "Subhana! To wa ke kan teburin yanzu?"

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta tsayar da mu a bakin gado, Yaya Maranda tana kwance da robobi a hannu. Ta ce ciwon mafitsara ne da aka bari yana dawowa har ya hau ƙoda, ga tsakuwa, ga ƙwayoyin ciwon jiki da suka ƙarasa abin da ya rage. Ƙodojin duka biyun sun kusa tsayawa.

"Ƙwayoyin nan wa yake ba ta?"

"Da kanta take saye," in ji Grigore. Shi bai sani ba, iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

"Ruwa fa? Kamar kofi nawa take sha a rana?"

Ni ta kalla, don mace ake tambaya irin wannan. Na ji kaina ina cewa, "Likita, fama muke da ita. Ba ta son ruwa."

Likitar ta juya ga gadon. "Haka ne, Tanti?"

Yaya Maranda ta buɗe ido ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Haka ne, 'yata. Taurin kai gare ni."

Likitar ta yi mata faɗa sosai, irin faɗan da ake yi wa yaro. Ta ce babba da ita, ruwa kyauta a rijiya, ta kashe ƙodarta da hannunta. Yaya Maranda tana cewa, "To. To. Na gode." Ni ina tsaye ina gyaɗa kai.

Yanzu sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, awa huɗu a jikin inji. Fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka aka ƙayyade mata ruwa, rabin lita a wuni, har da na miya da na shan magani. Ni nake aunawa da gwangwanin awon madara, in raba shi kashi biyar. Rijiya tana nan a gaban tagarta, cike.

Wata rana da la'asar ta shanye kason ta riƙe kofin, tana leƙa cikinsa.

"Dorina, ɗan ƙara min. Ko cokali biyu."

"Yaya, likita ta hana."

Ta miƙo min kofin. "Ba komai. Wannan karon dai likita ce ta hana."

Na shiga wurin shanu na yi kuka har saniya ta juyo tana kallona. Na so in koma in durƙusa in ce ta yafe min. Na wanke fuska, na koma, na tambaye ta ko in ƙara mata filo.

Tun da ta kwanta ni ce a teburin. Ranar farko, sha ɗaya da kwata, fitsari ya matse ni. Na rufe cukun da farin ƙyalle, na ɗebi lei takwas a jakar ciniki, na tsallaka na sayi kofi, na shiga banɗakinsu, na wanke hannu da sabulu mai ƙamshi, na dawo. Minti goma sha biyu. Mutum biyu na tarar suna jira, Rodika tana ce musu, "Yanzu za ta zo." Ba wanda ya gudu. Da na gaya wa Grigore, na shirya masa rigima, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ya za a yi, ai dole ne." Ke nan ƙofar shagon kofin a buɗe take duk wata ashirin ɗin nan. Ni matarsa ce, ina da bakin da zan ce zan yi. Ita yayarsa ce da ta saba ba shi nama ta ci romo, kuma mun san haka, da shi muka yi amfani.

Ba na wanke masu kwaɗo daga laifi. Garin da ke da kuɗin fesa ruwa sama da fitilu yana da kuɗin bututu ɗaya da sakata. Mata arba'in suna ciyar da gari da hannunsu, an bar su suna dabara kamar ɓarayi, sannan ana so hannun ya zama mai tsabta. Takardar Rodika har yau ba amsa, kwaɗon ya yi tsatsa. Amma mata arba'in aka rufe wa ƙofa, guda ɗaya ce ƙodarta ta mutu. Sauran suna da wani a gida.

Kasuwar ta gajiyar da ni, wannan ma sai na faɗa. Tashi ƙarfe uku in yi tatsa, tsayuwa a kan siminti, gwiwa tana ciwo, in dawo in tarar da madara tana jira. Ciniki ma ya ja baya. Mutane su tsaya su ce, "Ina Tanti Maranda?" su ɗanɗana nawa, su ce za su zagayo.

Da azumin Ista ya wuce, jikinta ya ɗan yi dama, har tana fita tsakar gida ta watsa wa kaji masara. Wata ranar Laraba muna cin abincin yamma, Grigore ya ajiye cokali, fuskarsa a sake kamar wanda ya tsinci abu.

"Kun san wani ikon Allah? Ina ta lissafi a mota. Wankin ƙoda Litinin, Laraba, Juma'a. Kasuwa Talata, Alhamis, Asabar, Lahadi. Ko ɗaya bai hau kan ɗaya ba." Ya juya gare ta. "Kuma Yaya, yanzu ai matsalar ta ƙare. Tunda ba kya fitsarin, ko sun shekara goma ba su buɗe banɗakin ba, ina ruwanki?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa albishir ne. Yaya Maranda ta daɗe tana kallon tuwon da ke gabanta.

"Gaskiya ne," ta ce. "Yanzu na dace da kasuwar."

"Kin ji ko! Mutanenki suna ta tambaya. Zaman gida ma ciwo ne. Ko ba haka ba, Dorina?"

Maganar tana bakina, na daɗe ina tanadinta. In ce masa ya ji tsoron Allah. In ce matar nan ta goya ka, mun shanye ta kamar rake, saura ɓawon ma ba za mu bari ba? In faɗi wanda ya sayo ƙwayoyin, in faɗi ƙaryar da na yi a asibiti. Duk suna nan a jere. Amma abin da na fara ji a jikina, kafin kunya, kafin komai, sauƙi ne. Na tuna simintin nan da sanyin asuba, na ji gwiwata ta saki.

Na ce, "A gwada Asabar ɗaya mu gani."

Ta ɗago ta dube ni, ta gyaɗa kai a hankali.

"A sa min kujera dai a motar," ta ce. "Ƙafafun ba sa ɗaukata kamar da."

Yau da nake ba da labarin nan, Asabar ɗin jibi ita ce ta goma sha ɗaya da za ta je kasuwar.